Masu Tukunyar Unguwa a Sudan

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilu, 2023, manyan ƙungiyoyin agaji sun kwashe ma'aikatansu na ƙetare daga Khartum. Matasan unguwa ne suka tsaya. Yawancinsu sun goge tun a kwamitocin gwagwarmayar 2019, sai suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suka ɗora manyan tukwane a masallatai da makarantu. Da sanyin safiya za ka ga mata da yara sun yi layi da kwanukansu, ana zuba musu waken da aka dafa da itace, ga gidaje da yawa kuma shi ke nan abincin yini. Kuɗin cefane kuwa 'yan'uwa mazauna ƙetare ke turowa ta manhajar Bankak. Matasan ne dai ke kwashe waɗanda suka jikkata, su ne ke haƙa kabari. Ladan da suka samu daga ɓangarorin biyu shi ne kamu da duka, wasu ma an kashe su bisa zargin leƙen asiri. Da Amurka ta datse tallafin USAID a farkon 2025, ɗaruruwan waɗannan wuraren girki suka rufe, alhali an riga an tabbatar da yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam tun Agustan 2024. A ganina, abin kunya ne a bar matasan nan da yabo da lambobin girma kawai. Attajiranmu da ƙungiyoyin zakka, ku nemi hanyar da taimakonku zai isa hannun waɗannan matasa kai tsaye.