Kafin a Mari Zomon da Ya Yi Cizo

A gidaje da yawa na Ungogo, daga Fanisau zuwa Bachirawa, akwai wani lungu a bayan ɗaki ko gefen rumbu inda yaro ya kafa akurkinsa na langa-langa da ragar waya. Tattabaru a sama, zomaye ko ɓeran Masar a ƙasa. Wannan ita ce dukiyar farko da yaro ke mallaka, kuma a nan yake fara ɗanɗana iko a kan abin da bai kai shi ƙarfi ba. Ranar da ya zura hannu zomo ya cije shi, abin da ke biyo baya sananne ne: a ɗago shi da kunne, a make shi a ka don ya ji a jikinsa, a wurga shi cikin akurki. Manya na tsaye suna dariya, wani ma ya ce ai horo ke nan.

Horon banza ne, kuma halittar dabbar ce ta nuna haka. Zomo da ɓeran Masar abincin shaho ne da kyanwa da maciji. Duk abin da ya sauko musu daga sama ba zato, jikinsu mutuwa yake gani, kuma hannun yaro daga sama yake saukowa. Dabba irin wannan gudu ta sani. Sai ta rasa hanyar gudu sannan take sa haƙori. Zomo ma ba ya ganin abin da ke daidai bakin hancinsa, saboda idanunsa a gefe suke, don haka yatsan da ke ƙanshin ƙuliƙuli yana iya ɗaukarsa abinci. Idan aka rama cizo da mari, abin da aka koya masa shi ne cewa tsoronsa gaskiya ne. Gobe ba zai jira a taɓa shi ba.

Ɗaga zomo da kunne ya zama jiki a ƙasar Hausa har ba a ganin aibinsa. Kunnen cike yake da jijiyoyin jini, da shi yake rage zafin jikinsa, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Zomon da ke rataye yana harbin iska yana iya karya ƙashin bayansa da ƙarfin ƙafafunsa. Masu kiwon ɗan ɓeran nan da Turawa ke kira jabil, wanda asalinsa daga yankin Mongoliya ne aka kai shi Amurka a 1954 don binciken kimiyya kafin ya zama abin wasan yara, sun san makamancin wannan: idan aka kama shi da wutsiya, fatar wutsiyar takan saɓule a hannu.

Hanyar da ke aiki ba ta da tsada, lokaci kawai take ci. A bar sabuwar dabba ta yi 'yan kwanaki ba a taɓa ta ba, a ajiye mata tsohuwar tukunya ko kwali da za ta ɓuya a ciki. Yaro ya riƙa zama kusa da akurki yana magana a hankali. Daga nan ya wanke hannu, ya shimfiɗa tafinsa a ƙasa da ɗan ganyen gyaɗa ko yankan karas, ya jira ita ta zo. Mako biyu ko uku ba su yi yawa ba. Idan lokacin ɗauka ya yi, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a gindi. Zomanya mai jego a ƙyale ta sam. Dabbar da take da sanyin hali ta wayi gari tana cizo kuwa, a duba jikinta: ɓeran Masar ba mai yawan cizo ba ne, kuma sau da yawa ƙazuwa ce ke sa taɓi ya zame masa azaba. Kaɗaici ma yana birkita shi, har ƙasar Suwizalan ta haramta ajiye shi shi kaɗai tun 2008.

Wani zai ce wannan duk lalatar Turawa ce, zomo dai a tukunya zai ƙare. Ko da a tukunya zai ƙare, zomanyar da ake firgitawa takan yi watsi da 'ya'yanta, wani lokaci ta cinye su, asarar kuma ta mai kiwo ce. Maganar tausayin dabba kuwa ba daga Turai ta zo ba. Ɗalibin Islamiyya ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Wanda ke shakkar abin da lallashi ke iya yi ya dubi garin Morogoro na Tanzaniya. A can ƙungiyar APOPO, wadda aka kafa a 1997, take horar da 'yar'uwar gafiyar da ake farauta a gonakin Kano ta shinshino nakiyoyin da aka binne, da kuma tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Babu duka a cikin aikin. Ƙarar ƙyas ce da ladan ayaba. Wani burgu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinare a 2020.

Sai dai a nan ne ya kamata iyaye su yi hattara, domin labarin Magawa ba izini ba ne. Gafiyoyin Morogoro a hannun mutane aka haife su, tun suna 'yan makonni ake saba musu da taɓi, kuma likitocin dabbobi na duba su. Dabam suke da abin da yaro ke tonowa daga rami bayan an gama girbin dawa, ya ɗaura masa zare a ƙugu ya ce zai yi kiwo. Wannan ɗan daji ne, ba zai daina cizo ba, kuma cizon ne ƙaramin haɗarinsa. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, a fitsari da kashin wani ɓera yake, mai zirga-zirga tsakanin gona da rumbu. Da rani cutar ta fi tashi, daidai lokacin tonon ramuka. A watan Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu a Kano. Yaro ɗan shekara goma ba zai bambance wannan ɓera da wani ba, babansa ma haka.

Abin mamaki shi ne yadda aka juya al'amarin. Dabbar gida, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kiwon kakanninta kuma haƙurin 'yan makonni zai kwantar mata da hankali, ita ake duka. Ta daji, wadda bai kamata ta ƙetare zaure ba, ita ake bari a wasa da ita a tsakar gida kusa da kwanon tuwo. Uban da ya ga jini a yatsan ɗansa, tambayarsa ta farko ita ce daga ina dabbar ta fito. Idan daga kasuwa ce ko akurkin maƙwabci, a wanke wurin sosai da sabulu da ruwa mai gudu, a zauna da yaron a nuna masa yadda ake shimfiɗa hannu. Idan daga rami ce, a raba ta da gidan a ranar. Ko wacce ce, in zazzaɓi ya biyo baya cikin mako uku a tafi asibiti, kuma a gaya wa likita maganar ɓeran tun bai tambaya ba.