Da Sallama Suke Fara Farautar ’Ya’yanmu

Aikin jinya nake yi a wani asibiti a Maryland, yawanci aikin dare, awa 12 cur. Idan na fita da magariba, ɗana mai shekara 13 yana gida da wayarsa. Da wa yake hira ƙarfe ɗayan dare? Tambayar da ke damuna ke nan.

A 2015 wata kotu a Alexandria ta jihar Virginia ta ɗaure wani yaro ɗan shekara 17 daga Manassas sama da shekara 11. Yana tallata ISIS a Twitter ga mabiya fiye da 4,000, har ya taimaka wa abokinsa ya tafi Siriya. Manassas fa, nan kusa da Washinton! Ɗan sakandare, a gidan iyayensa.

Mu iyaye muna zaton da wa’azin kisa ake farawa. Ina! Da sallama ake farawa. Wani ya yaba abin da yaron ya rubuta, ya kira shi “ɗan’uwa”, ya saurari kukansa kan yadda ake yi wa sunansa dariya a makaranta. Sai a ja shi Telegram inda babu idon kowa, a yi ta tura masa bidiyon gawarwakin Musulmi. Daga baya ne ake ce masa limamin unguwa ɗan koren gwamnati ne, iyayensa kuma ba su san addini ba. Kafin a kai nan, ya riga ya samu wasu dangin.

Ba mu manta da Umar Faruk Abdulmutallab ba. Shekaru kafin ya hau jirgin Detroit a Disamban 2009, ya sha rubuta a intanet cewa kaɗaici ya dame shi. Wanda ya ja ra’ayinsa, Anwar al-Awlaki, ya taɓa limanci a nan Falls Church, kuma da Turanci yake wa’azi. Wannan ya tsaya min a rai. ’Ya’yanmu da Turanci suke tambaya, mu kuwa “yi min shiru” ce amsarmu.

Wasu na cewa a ƙwace wayar, a tura yaro Kano wajen kaka. To, can ɗin ba TikTok? Ko mun manta yadda wa’azin Muhammad Yusuf ya yi ta yawo a kaset da wayoyi?

Ni dai yanzu idan na samu hutun ƙarfe 11 nakan kira ɗana. Ba na tambayar aikin makaranta. Cewa nake, “Yau wa ya ɓata maka rai?” Sai da aka yi mako biyu kafin ya faɗi suna.