Martani: Hoton Takardar Sakamako Ba Laifi Ba Ne

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sai wasu su taso matasan cikin badalar Kano a gaba. Laifin yaran shi ne suna tsayawa a rumfunan Mandawari da Yakasai har bayan magariba, su haska takardar sakamako da fitilar waya, su ɗauki hotonta, su tura zauren WhatsApp inda ake tattara alƙaluman. Jama'a, ga tuhumar, ga amsarta.

Sun ce aikin ya saɓa wa doka. Wace doka? Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta a ƙirga ƙuri'u a rumfa, a bai wa wakilan jam'iyyu kwafin sakamako. Ita kanta INEC tun 2020 ta buɗe shafin IReV domin ɗora waɗannan takardu. Abin da hukuma ta baje a faifai, ta yaya kallonsa zai zama laifi?

Sun ce ana tayar da zaune tsaye. Wanda ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama ranar 23 ga Maris 2019 ya san gora da adda ne suka kori masu zaɓe. Wayoyi shaida kawai suka adana. Cibiyar CITAD kuwa, a nan Kano, da intanet ɗin take bibiyar kalaman ƙiyayya.

Sun ce surutu ne da ba ya tsinana komai. To, me ya sa gwamnati ta rufe Twitter wata bakwai, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka? A Bagega ta Zamfara, sai da gangamin intanet ya yi ƙarfi kafin a saki kuɗin kwashe gubar dalma a 2013. Da baki ɗaya suna kiran abu haɗari, suna kuma kiransa banza. Su zaɓi ɗaya.

Sun ce baƙuwar ɗabi'a ce. A Kano aka kafa NEPU a 1950, kuma irin waɗannan zarge-zargen aka yi wa mabiyan Malam Aminu Kano. Kayan aiki ne ya sauya, tambayar talaka tana nan.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Jama'ar Kano, ranar zaɓe ku kaɗa ƙuri'a, ku tsaya a ƙirga, ku ɗauki hoto.