WA YA KASHE MASAƘUNMU?

'Yan'uwana mata, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk inda aka tada zancen mutuwar masaƙun Kaduna da Kano, sai ki ji wani ya ce wai mata ne da son kayan waje. Haba jama'a! Mu ke ɗauke wutar lantarki? Ko mu ke gadin kan iyaka?

Masaƙar KTL ta Kaduna tun 1957 take aiki, sai a 2002 ta rufe. UNTL ta bi sahu a 2007. Duk tsawon shekarun nan, wa ke sayen kayansu in ba mu ba? Gaskiyar magana, masaƙar gida tana ƙona baƙin mai da dizal kafin injinta ya juya, ita kuwa atamfar Sin ta shigo ta ɓarauniyar hanya ba haraji. Gwamnati kuma yau ta hana, gobe ta buɗe. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala, a 2023 ya janye. Wa zai zuba jarinsa inda doka ke rikiɗa kamar hawainiya? Ɗan fasa-ƙwauri kaɗai ke dariya.

Matar da ta yi wata da watanni tana zubin adashi ta shiga Kantin Kwari, ta ga turmi biyu masu zane iri ɗaya, ɗaya ya fi araha nesa ba kusa ba. Don Allah wanne za ta ɗauka? Wannan ba kwaɗayi ba ne, lissafi ne.

Amma fa kar mu raina ƙarfinmu. Ɗan kasuwa ba ya saro abin da ba a tambaya. Uwar biki ɗaya in ta fitar da anko, mata nawa ke bin ta? Masu haɗa lefe fa? To mu riƙa tambaya: wannan a ina aka saƙa shi? Yana zuba? In kika wanke ya koɗe, kar ki sake taka shagon, ki kuma gaya wa ƙawayenki. In kin sami na gida mai kyau, ki yi masa talla a gidan suna.

Su kuma mahukunta, su kawo wuta, su tsaya kan magana ɗaya, sannan su zo su tuhume mu. Allah Ya sa mu dace, amin.