Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Najeriya Kan Zugar Koci Da Iyakarta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, Alhaji Ibrahim Musa Gusau.

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jawo hankalin Mai Girma Shugaba da 'yan kwamitinsa zuwa ga wata magana da ta daɗe tana yawo a gidajen kallon ƙwallo da shirye-shiryen wasanni na rediyo, wadda kuma ake fargabar takan kutsa har zauren da ake yanke shawarar ɗaukar koci ko sallamarsa. Maganar ita ce, wai abin da Super Eagles ke buƙata shi ne koci mai zafi, wanda ba ya zama a benci, yana tsaye a bakin fili yana daka tsawa jijiyoyin wuyansa a miƙe, domin da zarar 'yan wasa sun ga haka jininsu zai motsa. Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma wanda ya musa ta gaba ɗaya bai yi wa tarihin ƙwallon Afirka adalci ba, sai dai gaskiyar tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar ya sha jawo wa ƙasar nan asara.

Abin da ake nufi da zuga a nan shi ne duk wata magana ko ɗabi'a ta koci da ke ɗaga ƙaimin ɗan wasa nan take, kamar yadda kiɗa da kirari ke tsuma ɗan dambe ya shiga fage ba tsoro, alhali ba makaɗin ne ya koya masa kariya ko ya ba shi ƙarfin hannu ba. A wannan zamani babu wanda ya kai Bafaranshe Hervé Renard suna wajen zuga. A shekarar 2012, kafin wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka a Libreville, 'yan wasansa na Zambiya sun je bakin teku sun ajiye furanni daura da inda jirgin tawagar ƙasarsu ya faɗi a 1993 ya hallaka 'yan wasa 18, sannan suka shiga fili suka riƙe Kwaddibuwa ta su Didier Drogba babu ci har ƙarin lokaci ya ƙare, suka ɗauki kofin da 8-7 a bugun fenariti. Da aka tashi, an ga Renard ya sungumi Joseph Musonda, ɗan bayan da ya ji rauni tun farkon wasa, ya kai shi tsakiyar 'yan uwansa domin a yi murna da shi. Babu mai hankalin da zai ce irin wannan ba ya shiga zuciyar ɗan wasa.

Amma fa wannan Renard ɗin, da kusan waɗannan 'yan wasan, ya koma gasar a 2013 aka fitar da shi a zagayen rukuni bayan kunnen doki uku, ɗaya daga ciki da Najeriya. Haka ma jawabinsa na hutun rabin lokaci a Katar a watan Nuwamban 2022, wanda bidiyonsa ya zaga duniya, inda yake tambayar 'yan Saudiyya ko hoto suka zo ɗauka da Messi. Sun dawo sun zura ƙwallo biyu cikin mintuna kaɗan sun doke Ajantina 2-1, aka kuma jingina nasarar ga jawabin, aka manta cewa tun kafin hutun an soke wa Ajantina ƙwallaye uku saboda satar gida, sakamakon tarkon da 'yan baya ke ɗanawa ta hanyar matsawa gaba a tare cikin sahu guda, abin da ba ya samuwa sai da dogon atisaye, kuma Renard yana tare da tawagar tun 2019. Da tarkon bai kama ba, da an je hutu da ci huɗu da nema, da kuma babu wanda zai tuna an yi wani jawabi. Bayan kwanaki Polan da Meziko suka doke 'yan Saudiyyar, suka ƙare a ƙasan rukuni.

Masana halayyar ɗan Adam suna da bayani a kan wannan, wanda asalinsa ya koma ga gwajin da Robert Yerkes da John Dodson suka yi a 1908. Abin da aka gina a kan gwajin shi ne, ƙwazo yana ƙaruwa tare da zumuɗi har zuwa wani mizani, daga nan kuma duk ƙarin zumuɗi ragi ne, musamman a aikin da ke buƙatar natsuwa da lissafi. Ɗan bayan da zai yi tsalle ya sa kai yana amfana da zafin jini, amma wanda zai ɗauki ƙwallo ya dasa ta a ɗigon fenariti, filin wasa ya yi tsit, natsuwa yake nema, kuma tsawar koci a wannan lokaci cutarwa ce gare shi. Waɗanda suka kalli wasan Mali da Kwaddibuwa a Bouaké a watan Fabrairun 2024 ba za su manta da Eric Chelle ba, lokacin yana horar da Mali, ya durƙusa a bakin fili ana kwarara masa ruwa a ka bayan an tashi. Kishi bai yi masa ƙaranci ba ko kaɗan, duk da haka Mali da ke gaba da ci ɗaya a kan mutum goma ta bari aka farke a minti na 90, aka kuma ƙara mata a ƙarshen ƙarin lokaci.

Misalin da ya fi dacewa Mai Girma Shugaba ya duba yana cikin gida, wato marigayi Stephen Keshi. Ana tuna shi da kwarjini da rashin tsoron manya, amma abin da ya kai Najeriya ga kofin 2013 bayan shekara 19 tana jira ya faro ne tun da ya karɓi aiki a ƙarshen 2011, sa'ad da ya riƙa tara 'yan wasan da ke bugawa a gida yana horar da su a sansani, a lokacin da mutane da yawa suka ɗauka ɗan wasan gida cikon benci ne kawai. Ya ajiye su Osaze Odemwingie da Obafemi Martins ya sha suka, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida, ya bai wa Godfrey Oboabona na Sunshine Stars tsakiyar baya alhali kyaftin Joseph Yobo yana zaune. Wasanni biyun farko duk kunnen doki aka yi, da ƙyar aka tsallake Habasha da fenariti biyu na Victor Moses, amma bai juya wa yaransa baya ba, kuma Sunday Mba, ɗaya daga cikin 'yan gidan nan, shi ya ci ƙwallon da ta kori Kwaddibuwa, shi ya kuma ci wadda ta kawo kofi a wasa da Burkina Faso a Johannesburg. Wannan ita ce zugar da ke ɗorewa: ɗan wasa ya tabbata cewa riga ta mai ƙoƙari ce, cewa kuskure ɗaya ba zai sa a jefar da shi ba, cewa kocinsa zai tsaya masa a gaban 'yan jarida da manyan ofis. Edward Deci da Richard Ryan, masanan da suka yi fice a nazarin abin da ke motsa mutum ga aiki, sun nuna cewa himmar da ke tasowa daga cikin zuciya tana tsayuwa ne a kan jin cewa mutum ya iya, yana da ta cewa, kuma yana cikin jama'ar da ta damu da shi, kuma ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a gina shi cikin mintuna 15 na hutun rabin lokaci.

Abin baƙin ciki shi ne yadda labarin Keshi ya ƙare, domin zafinsa bai ragu ba a 2014, amma ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa. An riƙe masa albashi na watanni, 'yan wasa sun ƙi atisaye a Brazil kan kuɗin ladan wasa kafin karawa da Faransa, kwantiraginsa ya ƙare ya ci gaba da aiki a matsayin riƙo, Najeriya mai riƙe da kofi ta sha kashi 3-2 a hannun Kwango a Kalaba, aka sallame shi a tsakiyar wasannin share fage aka kuma dawo da shi, sai ga ta ta kasa zuwa gasar 2015 ma.

Akwai kuma ruɗin da ke tattare da sauya koci. Ƙungiya ba ta korar kocinta sai sakamako ya kai maƙura wajen muni, kuma abin da ya kai maƙura a bisa al'ada yakan dawo kusa da matsakaicinsa ko da ba a taɓa komai ba, abin da masana ƙididdiga ke kira komawa ga matsakaici. Bas ter Weel, masanin tattalin arziki ɗan Holan, ya bibiyi ƙungiyoyin gasar ƙasarsa daga 1986 zuwa 2004, ya gano cewa waɗanda suka yi haƙuri da kocinsu a lokacin tsanani sun farfaɗo kusan daidai da waɗanda suka yi kora. Ana iya kawo Emerse Faé a matsayin hujjar akasin haka, tun da ya gaji Jean-Louis Gasset bayan Ikwatoriyal Gini ta lallasa Kwaddibuwa 4-0, ya kuma kai ta ga doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka a Abidjan. Lalle ya dawo wa 'yan wasa da ruhinsu, amma sai da Maroko ta doke Zambiya kafin ƙofar zagaye na gaba ta buɗe musu, kuma Sébastien Haller da Simon Adingra, waɗanda suka yi aikin a wasan ƙarshe, a lokacin ne suka murmure daga rauni. Najeriya kuwa ta ɗanɗana ɗaya ɓangaren: an sallami Gernot Rohr a Disambar 2021, ana zarginsa da sanyi da wasa marar armashi, Augustine Eguavoen da ya gaje shi ya ci wasanni uku a jere a Garwa aka yi ta murna cewa ƙaimi ya dawo, sai Tunisiya ta yi waje da tawagar da ci ɗaya mai ban haushi, bayan wata biyu kuma Gana ta ƙwace gurbin gasar cin kofin duniya a Abuja.

A wasannin neman gurbin gasar duniya ta 2026 koci uku ne suka ja ragama, José Peseiro da Finidi George da Eric Chelle, ban da Bruno Labbadia da aka sanar da ɗaukarsa a 2024 amma bai kama aiki ba, kuma maki uku kacal aka samu a wasanni huɗun farko. A Nuwamban 2025, ana saura kwana biyu a kara da Gabon a Rabat, 'yan wasa suka ƙaurace wa atisaye kan bashin alawus. Sun ci Gabon duk da haka, kuma ba za a iya rantsuwa cewa ƙauracewar ce ta sa Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da su a fenariti ba, amma kocin da ya tashi yi wa 'yan wasa jawabi kan kishin ƙasa a irin wannan mako yana magana ne da mutanen da rabin hankalinsu ke kan haƙƙinsu, kuma ba shi ne ya jawo hakan ba.

Saboda haka roƙon da ake yi ga Mai Girma Shugaba shi ne, idan kwamitin fasaha ya zauna auna koci, ya ajiye batun yawan tsawarsa a bakin fili, ya tambayi yadda yake zaɓen 'yan wasa, da tsarin da yake koyarwa a atisaye, da yadda yake bi da wanda ya ajiye a benci, da sau nawa ya je Kano ko Aba ko Ikenne ya kalli wasan gasar cikin gida da idonsa. Wanda aka ɗauka a ba shi kwantiragin da zai kai shi ƙarshen zangon share fage, kamar yadda Senegal ta riƙe Aliou Cissé tun 2015, ta jure faɗuwarsa a wasan ƙarshe na 2019 har ya kawo mata kofinta na farko a 2022. Albashin koci da alawus ɗin 'yan wasa kuma a rubuta adadinsu da ranar biyansu, kowa ya sa hannu, a biya kafin tawaga ta shiga sansani.