Tauraro Na Sama, Mu Muna Ƙasa



Jiya a majalisarmu ta Sabo, nan Ibadan, wani ya ce ai gwamnati ta gama mana komai, tunda har tauraron ɗan Adam ta harba domin karatu daga nesa. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Gaskiya ne an harba. A watan Mayun 2007 aka harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin, kuma cikin amfanin da aka lissafa har da koyarwa daga nesa. A watan Nuwamban 2008 ya mutu, saboda fukafukansa masu tara hasken rana sun lalace. A Disamban 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R. To, tambayata ita ce: cikinmu wa ya taɓa ɗaukar darasi ɗaya ta hanyarsa?

Ni ɗan mai sayar da goro ne. Na gama sakandare, na dawo shago, domin Baba ba shi da mai taya shi. Irina ne ya fi kowa buƙatar wannan karatu: yana awo da rana, yana karatu da dare. Amma tauraro ba ya koyar da kowa. Aikinsa ya karɓi saƙo ya maido ƙasa. Sai da malami mai aikawa, da faranti mai karɓa, da wuta, da ɗakin zama. Nan ne aka bar mu.

Ku dubi Indiya. A 2004 suka harba EDUSAT domin ilimi kawai, suka kai na'urorin karɓa makarantu. Jihar Kerala ta buɗe tashar karatu da shi, kuma da korona ta rufe makarantu a 2020, tashar ce ta ci gaba da koyar da yaransu. Mu a shekarar nan ƙannena dako suka koya a kasuwa.

Sai dai kada mu ɗora wa gwamnati ita kaɗai. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, tana aiki fiye da shekara 20, ga cibiyarta a garin nan. Mu nawa muka yi rajista? Muna da kuɗin sa faranti don kallon ƙwallon Turai, muna da na janareta. Maƙwabtanmu Yarabawa, mai sayar da barkono ma sai ta yi adashe ta biya wa ɗanta.

Iyayenmu, ku yi haƙuri, ba rashin kunya ba ce. Ɗaki ɗaya muke roƙo kusa da masallaci, da sola, da kwamfuta biyar, da izinin barin shago bayan la'asar. Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa in sun so, wata ɗaya ya isa.

Ni dai na fara tara kuɗin fom. Wanda zai bi ni, ya same ni a shago.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.