Mallakar ƙaramin jirgin sama da nauyin rayukan da yake ɗauka

Duk lokacin da labari ya bazu cewa wani attajiri ko mai mulki ya sayi jirgin sama na kansa, mutanenmu kan rabu gida biyu. Wasu su yi ta santi suna fatan Allah Ya kai su, wasu kuma su yanke hukunci nan take cewa almubazzaranci ne. Duka ɓangarorin biyu farashi suke kallo. A namu ganin, tambayar da ta fi nauyi ita ce: shin wanda ya sayi jirgin zai iya riƙe shi da haƙƙinsa? Domin kuɗi kan sayi jirgi a yini ɗaya, amma riƙonsa aiki ne na kowace safiya, kuma rayukan mutane ne jinginarsa.

Bari mu ɗauki misali guda domin magana ta zauna. Cessna 172 ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya da farfela ɗaya da kujeru huɗu. An fara sayar da shi a 1956 daga garin Wichita na Amurka, kuma an ƙera sama da 44,000, adadin da babu wani samfurin jirgi da ya kai shi. Yakan yi gudun kimanin kilomita 220 a awa, ya sha lita 30 zuwa 38 na man jirgi a kowace awa. Da shi da ire-irensa ake koya wa yawancin matuƙan duniya tuƙi. Idan muka ce ƙaramin jirgi, irin wannan muke nufi, wanda sau da yawa mai shi ne yake tuƙa abinsa.

Ba mu ga hujjar haramta mallakarsa ba. Abin hawa ne kamar doki da raƙumi da mota, hukuncinsa yana bin dukiyar da aka saye shi da ita da kuma abin da ake yi da shi. A Ostireliya, tun 1928 likitoci suke amfani da ƙananan jirage wajen isa ga marasa lafiya a ƙauyukan da ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga asibiti. A Alaska akwai garuruwa da yawa da babu titin mota da ya kai gare su, ta sama ake kai musu magani da wasiƙu da kayan abinci. Ta fuskar zakka kuwa, jirgin da mutum yake hawa don bukatar kansa ba a fitar da zakkar ƙimarsa, kamar gidan zama da motar hawa. Idan haya yake yi, zakka tana kan kuɗin da ya tara idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Almubazzaranci yana shigowa ne idan an saye shi don fariya, ko da dukiyar jama'a, ko alhali ma'aikatan mai shi suna binsa albashi.

Sai dai halascin saye ba ya ɗauke wajibcin kulawa. Mota idan ta lalace sai a gangara gefen hanya a kira bakanike. Jirgi ba shi da gefen hanya. Shi ya sa dokokin sufurin sama suka ɗaure shi da awoyi da kwanaki. A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa, dole ne injiniya mai lasisi ya yi wa jirgi cikakken bincike sau ɗaya a kowane wata 12, in ba haka ba doka ba ta yarda ya tashi ba. Idan ana ɗaukar fasinja da shi don kuɗi, sai an ƙara wani binciken bayan kowace awa 100 ta tashi. Injin Lycoming da ke cikin Cessna 172 na zamani, kamfanin da ya ƙera shi ya ba da shawarar a kwance shi a yi masa garambawul bayan kimanin awa 2,000. Kowane aiki da aka yi, komai ƙanƙantarsa, sai an rubuta shi a kundin jirgin an sa hannu. A Najeriya hukumar NCAA ce ke da alhakin rajista da ba da takardar shaidar lafiyar jirgi. A ƙara da kuɗin inshora da na rumfar ajiya, waɗanda ake biya ko da jirgin yana kwance. Ajiyar ma ba ta raba mutum da asara, domin injin da ya daɗe bai yi aiki ba tsatsa takan ci cikinsa.

A nan jarrabawar mai jirgi take farawa. Injiniya zai ce masa wani ƙarfe ya gaji sai an canza, alhali a ido lafiya lau yake, kuma jiya ma jirgin ya tashi ya sauka. Mutumin da ya saba a gida da kasuwa maganarsa ce ta ƙarshe, yanzu ga wani yaro sa'an ɗansa yana ce masa jirgi ba zai tashi ba. Wanda zuciyarsa ba za ta iya ɗaukar wannan ba, bai dace da mallakar jirgi ba ko da ya fi kowa kuɗi. Injiniyan da ya sa hannu a kan aikin da bai yi ba kuma, shaidar zur ya bayar, kuma jinin wanda ya halaka yana wuyansa tare da wanda ya matsa masa.

Matuƙin ma yana da nasa sharuɗɗan. A dokar Amurka ba a ba mutum lasisin tuƙi na ƙashin kai sai ya yi aƙalla awa 40 a sama, kuma yawanci kan wuce haka kafin su ƙware. Bayan lasisi, sai an sake duba ƙwarewarsa kowane wata 24, kuma ba zai ɗauki kowa ba sai ya kasance ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 da suka wuce. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne lasisin farko na tuƙi da ganin ido ne kawai. Shiga gajimare ko hazo yana bukatar wani horo na daban, na dogaro da na'urori. Dalili kuwa, idan ido ya daina ganin iyakar sama da ƙasa, kunnen ciki kan ruɗi mutum, ya ji kamar a miƙe yake tafiya alhali jirgin ya karkata yana gangarawa. Mu da muke zaune inda hazon hunturu kan rufe gari har a dakatar da manyan jirage a Kano, ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan.

Haka batun nauyi. Cessna 172 na zamani ba ya halatta ya tashi da abin da ya wuce kimanin kilo 1,157 gaba ɗaya. Idan aka cire nauyin jirgin kansa, abin da ya rage bai wuce kilo 400 ba. A cika tanki da mai, kusan kilo 145 sun tafi. Saura kilo 250 da 'yan kai, wato manya uku ba tare da wasu kaya masu yawa ba. Kujera ta huɗu tana nan, amma lissafi ya hana a zauna a kanta. Idan rana ta take kamar yadda take yi a Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, ko filin yana kan tudu kamar na Jos, iska takan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya bukaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Dabarar direban tasha ta cusa mutum ɗaya a matsa ba ta da wurin zama a nan.

Tarihi ya nuna abin da ke biyo bayan raina waɗannan iyakoki. Ranar 16 ga Yuli 1999, John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku da jirginsa cikin dare mai hazo, shi da matarsa da 'yar'uwarta suka mutu. Masu bincike sun gano cewa ruɗewar da muka ambata ce ta same shi, kuma ba shi da shaidar tuƙi da na'urori. Ranar 21 ga Janairu 2019, ɗan ƙwallo Emiliano Sala ya mutu a tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Rahoton hukuma ya nuna matuƙin ba shi da izinin tashi da dare ko ɗaukar fasinja don kuɗi, kuma iskar guba daga salansa ta shiga cikin jirgin. A gida kuma, ranar 25 ga Oktoba 2012, jirgin Cessna 208 da gwamnan Taraba na lokacin, marigayi Danbaba Suntai, yake tuƙawa ya faɗi kusa da Yola, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 2017. Rahoton hukumar bincike ya ambaci rashin cancantar tuƙa wannan samfurin da kuma tafiya da ganin ido bayan rana ta faɗi. Ba mu kawo waɗannan don aibata mamata ba, sai don masu rai su ɗauki darasi.

Wani zai ce ai kwana ne ya ƙare, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado zai mutu. Gaskiya ne, ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai sakaci ba. Shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ce ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kuma mun san mutumin da ya so ya saki raƙumarsa da sunan tawakkali an umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Brunei, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo. Idan haka ne a ƙasa, to a sama ya fi cancanta.

Akwai wata ɗabi'a ta matuƙa da muke so ɗalibanmu su lura da ita. A 1935 wani sabon jirgin Boeing ya faɗi a lokacin gwaji a Amurka, a hannun ƙwararren matuƙi, saboda an manta ba a cire abin da ke kulle linzamin jirgin ba. Daga nan al'adar karanta jerin abubuwan dubawa kafin tashi ta kafu. Har yau matuƙin kirki, ko ya yi awa dubu goma a sama, sai ya zagaya jirginsa da ƙafa, ya tatsi ɗan mai a kofi ya duba ko ruwa ya kwanta a ƙasansa, ya karanta takarda layi bayan layi. Yana yin haka ne domin ya yarda cewa ɗan Adam mai mantuwa ne, kuma ƙwarewa ba ta kore mantuwa.

Nasiharmu ga mai hali ita ce ya ƙirga kuɗin kulawa na shekaru kafin ya ƙirga kuɗin saye, ya kuma ba injiniyansa da matuƙinsa 'yancin cewa a'a ba tare da fargabar kora ba. Idan bukatarsa tafiya ce jefi-jefi, haya ko haɗa hannu da wasu ya fi masa sauƙi. Wanda aka gayyata ya hau ƙaramin jirgi kuma, ba rashin kunya ba ne ya tambayi irin lasisin matuƙi da halin da yanayi yake ciki. Ɗalibai kuwa su sani Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tana nan tun 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar sama. Al'umma tana bukatar 'ya'yanta a waɗannan guraben, masu ilimin aiki da tsoron Allah, waɗanda ba za su sa hannu a kan ƙarya ba ko wane ne mai jirgin. Allah Ya tsare matafiyanmu a ƙasa da ruwa da sama, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.